Marubuta, Ku Waiwayi Rijiyar Kusugu

Malam Edita,

Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi kira ga marubutanmu. Ni dai tun ina yaro labarin aljanu da dodanni ke burge ni, irin su Ganɗoki da Ruwan Bagaja na 1934. Na soyayya kam bai dame ni ba. Amma littattafan yaƙi na yanzu, in ka buɗe sai birnin Misra da sarakunan Farisa, kai ka ce mu ba mu da abin faɗa. Ga Daura kusa da mu, ga Kusugu da macijiyar da Bayajidda ya kashe. Jiya na tambayi ɗana sunanta, wallahi bai sani ba. Wa zai rubuta masa?

Naku,
Mai karatu daga Dutsi, Jihar Katsina.