GUBAR DALMA: KADA A SAKE MAYAR DA ITA TSAKAR GIDA

A watan Maris na shekarar 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF, wadda aka fi sani da Likitoci Na Gari Na Kowa, suka lura da yadda yara ƙanana ke mutuwa ba ƙaƙƙautawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai a wayi gari an kai shi makwancinsa. Aƙalla yara 400 suka rasu. Da yawa daga waɗanda suka rayu an bar su da makanta, ko shanyewar jiki, ko rauni a ƙwaƙwalwa.

Ba annoba ba ce ta faɗo daga sama. Dutsen zinaren da ake haƙowa a yankin cike yake da dalma. Talauci ya sa magidanta da samari suna kwaso shi zuwa gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta zauna a ƙasar da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki.

Abin da ya wajaba kowane matashi ya fahimta shi ne, dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta ƙone ta, tafasa ruwa ba ya fitar da ita. Shi ya sa likitocin suka tsaya a kan cewa ba a fara bai wa yaran gari maganin da ke fitar da gubar daga jini sai an tsaftace garin, domin in yaro ya koma kan ƙasar da ta cutar da shi, an yi aikin baban giwa. Aikin kuwa na fartanya da shebur ne, kuma mazauna ƙauyukan ne suka yi shi da hannunsu bisa jagorancin ƙwararru: a kankare saman ƙasa gida-gida, a kwashe, a binne a rami na musamman a bayan gari, a zubo ƙasa mai tsafta. Haka aka yi a Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru tsakanin 2010 da 2011.

Abin takaici, garin Bagega, wanda ya fi su girma, sai da ya jira har shekarar 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, alhali yaransa na kwana suna tashi a kan guba. Da 'ya'yan masu mulki ne, da an yi wannan jan ƙafa? Ba a kuma ɗauki darasi ba, domin a 2015 irin wannan musiba ta sake aukuwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Sai maganar ruwa. Ana iya kankare tsakar gida a ƴan kwanaki, amma babu shebur ɗin da zai kankare ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ke wanke garin dutse a bakin rijiya ko kududdufi, ya bar tarin dusarsa da ragowar zaiba a wurin, to ya sani ruwan sama zai kwashe su zuwa inda jama'a da dabbobi ke sha.

Don haka nauyi biyu ne. Mahukunta su daina jira sai an cika maƙabarta: a riƙa auna ƙasa, ruwan rijiyoyi da jinin yara a duk inda ake haƙar zinare. Su kuma matasa, waɗanda su ne ke shiga rami su tsaya a kan inji, kada su shigo da dutse cikin gari. A ware wurin niƙa nesa da gidaje da rijiyoyi, a jiƙa dutse kafin a niƙa don rage ƙura, a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, a yi wanka a canja tufafi kafin a shiga gida a ɗauki yaro.

Neman halal ba laifi ba ne. Amma yara amana ne, kuma buhu ɗaya na dutse ya isa ya rusa aikin da aka sha wuya aka yi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kare na baya.