Wa zai tsince tsakuwar da ke cikin karatun makafi?

A zangon karatun da ya gabata wani ɗalibina mai lalurar gani ya shigo ofishina da tarin takardu. Darasin da na raba wa ajinsu ne, shafi 12, aka juya masa zuwa rubutun Braille ya zama fiye da shafi 40. Ya ɗora yatsa yana karanto mini, sai na ji inda na rubuta "ƙasa" yana ambaton alamar baka-biyu kafin "asa", wasu shafukan kuwa babu komai a cikinsu sai layi biyu ko uku. Kunya ta rufe ni, domin laifin ba na manhajar ba ne, nawa ne da wanda ya buga mini.

Mai karatu, bari in yi bayani a taƙaice. Rubutun da Louis Braille na Faransa ya wallafa a 1829 an gina shi ne a kan gurbi mai ɗigo 6, wanda ke ba da siffofi 63 kacal. Shafi guda kan ɗauki layi 25, kowane layi gurbi 40. Ke nan wuri a wannan rubutu dukiya ce, ba abin almubazzaranci ba. Manhajoji irin su Duxbury, wadda kamfaninta ya kafu a Amurka a 1975, da Liblouis ta kyauta, su ke juya rubutun kwamfuta zuwa waɗannan ɗigo. Amma fa manhaja ba ta ganin shafi kamar yadda ido ke gani. Abin da ke ɓoye a ƙarƙashinsa take karantawa.

To me ke ɓoye? Mai buga takarda ya danna tazara sau 30 don kanun magana ya zo tsakiya. Ya yi ta sauko da layi har ya kai sabon shafi. Ya kaurara wannan kalma, ya karkata waccan, don ado kawai. Ga ido duk wannan bai zama komai ba, amma kowanne umarni ne da manhaja za ta bi. A tsarin Braille na Ingilishi na bai-ɗaya, wanda Nijeriya ta amince da shi tun 2005, karkata kalma guda na cin gurbi biyu. In kuwa daga PDF aka kwafo rubutun, sau da yawa kowane layi kan zo a yanke, jimla ta kakkarye a ƙarƙashin yatsa.

Mu Hausawa muna da ƙarin tamu matsalar. Kafin tsarin Unicode ya wadata, an yi dabarar ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan wasu maɓallai: wasu suka ari baka-biyu, wasu suka ari q da x da v a madadin ƙ da ɗ da ɓ. Dabarar ta yi rana a lokacinta, kuma masu ita sun cancanci yabo. Sai dai riga ce kurum aka sanya wa harafin. Manhajar Braille kuwa asalinsa take gani. Wasu kuma sukan zubar da lanƙwasar baki ɗaya, alhali kowane ɗalibin harshe ya san "ƙafa" ba "kafa" ba ce, "ɓari" ba "bari" ba ne.

Wani zai ce ai ana iya gyarawa. Gaskiya ne, Duxbury na nuna alamomin da ke ɓoye, a nemo su a goge. Amma wa ke wannan tsintar? Galibi ma'aikaci ɗaya ne a cibiyar masu buƙata ta musamman, ko ɗalibin da kansa, jarrabawa na ƙaratowa, 'yan ajinsa sun yi nisa. Wanda ya zuba tsakuwa a shinkafa ya yi tafiyarsa, an bar mai jin yunwa da faifai.

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 kan samar wa makafi littattafai, an kuma sanya hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa a Janairun 2019. Amma doka ba ta buga takarda. Mu ke bugawa. Don haka ina kira ga 'yan'uwana malamai da maɗaba'u da hukumomin jarrabawa: a rubuta Hausa da haruffan Unicode, a yi kanun magana da tsarin da Word ya tanada maimakon tara tazara, a rage ado marar dalili, sannan a miƙa wa mai juyawa ainihin rubutun, ba hotonsa ba. Jami'o'i kuma su sanya wannan cikin horon masu buga takardu.

Ba kuɗi abin ke ci ba, kula yake buƙata. Ni dai na sake buga darasina, ɗalibina ya karanta "ƙasa" a matsayin ƙasa. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.