Telolin Kongo-Rasha da Kasuwar da Suka Bar wa Gwanjo

Duk wanda ya tsaya bakin titi a unguwar Kongo-Rasha da ke Jos da sassafe, a watan Disamba ko Janairu, zai ga ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suna jiran Keke Napep zuwa Taminus, kusan kowa ya ɗora rigar sanyi ta gwanjo a kan kaftani ko a ƙarƙashin hijabi. Wannan abu da ido ya saba da shi, ciniki ne da ke wuce telolin unguwar kowace safiya.

Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku, saboda haka sanyinta ya fi na Kano da Sakkwato, ga kuma damina daga Afrilu har Oktoba. Tun da gwamnatin Filato ta hana acaba a birnin a 2012, Keke Napep mai buɗaɗɗen gefe ta zama abin hawan talaka, sa'annan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya tilasta wa wasu masu motoci ajiye nasu. Fasinja uku ke matsuwa a kujerar baya, iska na kaɗawa, ruwa na fantsama, ƙarfe na kama bakin riga, ɗan sane kuma na hangen aljihun gefe.

Abin takaici shi ne ɗinki bai bi wannan sauyi ba. Har yanzu hankalin tela yana kan shadda mai sitaci da aikin wuya, watau kayan Sallah da Kirsimeti da biki. Sakamakon haka yakan kwana a kan keken ɗinki makonni kaɗan a shekara, sauran watanni ya zauna jiran ciniki, alhali kuɗin hayar shago ba ya jira.

Abin da fasinja ke bukata ba boyayye ba ne: kaftani iya gwiwa na yadi mai kauri wanda ba ya yamutsewa, aljihun ciki mai zif domin waya da kuɗi, 'yar shara mai shafi da za a cire idan rana ta ɗaga, hijabi da siket masu sutura amma waɗanda ba sa jan ƙasa, da launin da ke ɓoye ƙura da taɓo.

Masu ganin abin ba zai yiwu ba suna cewa gwanjon kasuwar Katako ya fi araha, ga tsadar yadi tun bayan durƙushewar masaƙun Kaduna, ga rashin wutar lantarki. Gaskiya ne. Sai dai tsadar ɗinki tana da nasaba da yadda ake yin sa ɗaya-ɗaya, kowa da awonsa. Idan teloli goma suka haɗa jari, suka sayo yadi bandir-bandir daga Kantin Kwari na Kano, suka yanka bisa awo uku ko huɗu, kuɗin kowace riga zai sauko. Bugu da ƙari, an ɗinka gwanjo ne domin Bature, ba ya zama daidai a kan kaftani, kuma a nan ne telan gida ya fi dila ƙarfi.

Ya kamata ƙungiyoyin teloli da dillalan yadi su gwada wannan kasuwa kafin hunturu mai zuwa. Sallah sau biyu take zuwa a shekara, amma fasinja kullum sai ya fita.