Kan Yaro Ba Ganga Ba Ne

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, akwai ɗabi'u biyu da muka gada a makarantun firamare waɗanda lokaci ya yi da za mu binne su: dukan yaro a ka da sunan horo, da sa yaro tarar ƙwallo da ka da sunan motsa jiki. Duka biyun mun ɗauke su abin wasa, alhali likitoci sun daɗe da gano cewa buguwar kai, musamman mai maimaituwa, tana cikin abubuwan da ke jawo cutar mantuwa, wadda muke kira gigin tsufa mu ɗora wa shekaru laifinta.

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan aka bugi kai, sai ta girgiza ta daki ƙashin da ke kewaye da ita, siraran jijiyoyinta su miƙe, wasu su tsinke. Ba lallai jini ya fito ba, ba lallai a suma ba. Idan abin ya yi ta maimaituwa, ɓarnar takan taru a ɓoye shekara da shekaru, sannan ta bayyana da mantuwa, da saurin fushi, da ruɗewa, har mutum ya kasa gane 'ya'yan cikinsa. Yaro kuwa wuyansa bai yi ƙwari ba, kansa ya yi wa jikinsa girma, don haka girgizar ta fi yi masa yawa.

Wannan ba sabon zance ba ne. Tun a 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana yadda tsofaffin 'yan damben boksin ke tangaɗi da rawar jiki kamar mashaya. A 2002 wani likita ɗan Najeriya, Bennet Omalu, ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, ɗan wasan zari-ruga na Amurka da ya mutu yana da shekara 50, ya iske lalacewar da dukan kai ya bari. A 2019 Jami'ar Glasgow da ke Birtaniya ta gano cewa tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon ƙafa sun ninka sauran jama'a kimanin sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Shekara guda bayan haka, hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta hana koya wa yaran firamare buga ƙwallo da ka a wurin atisaye. Masu wasan ke nan, waɗanda muka ara a hannunsu. Sun ji tsoro sun ja da baya, mu kuwa muna tafa wa ɗan aji uku don ya sa kai ya tare ƙwallon manya.

Na san amsar da ke bakin wasunmu: mu ma an ranƙwashe mu, ga mu nan garau. To, wanda ya haye kogi lafiya ba shi ne shaida kan cewa babu kada a ciki ba. Gaskiya ne ranƙwashin malami bai kai naushin ɗan dambe ba. Amma wa ya ce a ranƙwashi ake tsayawa? Ana jifa da dasta, ana sauke rula a tsakar ka, ana kama kawunan yara biyu a gwara, ana tura ƙeya har goshi ya daki allo. Wane malami ne ke riƙe da ma'aunin da zai gaya masa inda horo ya ƙare, rauni ya fara? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana dukan fuska. Kuma ina hikimar manomin da ke tattake gonar da aka ɗauke shi ya nome? Albashin da muke gwagwarmaya a kansa, don gina ƙwaƙwalwar nan ake biyanmu shi.

Wasu za su fake da cunkoso, su ce malami ɗaya da aji maƙil dole hannu ya kufce. Cunkoso gaskiya ne, kuma za mu ci gaba da kai kukansa inda ya dace. Sai dai yaro ba shi ya ƙi gina azuzuwa ba, ba shi ya riƙe albashi ba. Huce haushin hukuma a kan ɗan shekara bakwai zalunci ne, mu kuwa masu kukan zalunci bai kamata a same mu da shi ba.

Saboda haka ina kira ga reshenmu da ya zartar da ƙuduri a taro mai zuwa. Kada hannun mamba ko abin da ke hannunsa ya sake taɓa kan ɗalibi. A daina sa 'yan firamare buga ƙwallo da ka. Duk yaron da ya bugu a ka a fitar da shi daga wasa ranar, a sanar da iyayensa. Idan ya suma, ko yana amai, ko ya ruɗe, ko barci ya rinjaye shi, a garzaya da shi asibiti. Iyaye ma, ranƙwashin gida da na makaranta kai ɗaya suke sauka.

Cutar mantuwa har yau ba ta da maganin da ke warkar da ita. Rigakafinta kuwa, wani kaso nasa yana hannunmu, kuma ba ya buƙatar ko sisin kwabo daga gwamnati.