A bar wa tsohuwar Peugeot wuyanta

Duk wanda ya taɓa tuƙa Peugeot 404, wadda ta fito a 1960, ya san giyarta a wuyan sitiyari take. Har yau akan ci karo da ita jefi-jefi tsakanin Maraɗi da Damagaram, a hannun dattijon da ya ƙi rabuwa da ita.

To, shekaru sun ja, tumbi ya fito, sitiyari ya fara tokare ciki. Sai a ba shi shawarar a yanke sandar sitiyarin, a rage tsawonta, a yi walda. Nan ne na ƙi. Wannan ƙarfe shi kaɗai ke kai umarnin hannu ga tayoyin gaba. In walda ta ɓalle ana cikin gudu, sai salati.

Ba na cikin masu cewa kada a taɓa tsohuwar mota, ai don hawa aka ƙera ta. A ja kujera baya, a sake mata soso. Masu sa ƙaramin sitiyari kuwa su sani, faɗin nan na asali shi ke rage nauyin juyi. Ranar da suka zo juya ta a lungu, kafaɗa za ta gaya musu.