ZANCEN BAKIN AKWATI: Ina za ki nemi nufin Allah game da rayuwarki?

  

Lokacin fasa akwati ya matso, kuma kowace shekara a irin wannan lokaci tunani yakan yi wa mata yawa. Wata ta karɓi jika 30, wata jika 50, ta ƙulle a bakin zane, ta koma ɗaki ta kasa barci. In sayi akuya? In ƙara jarin man gyaɗa? Ko in bi masu tafiya arewa? Ƙarƙashin waɗannan duka akwai babbar tambayar da ƴan zumuntar mata suka roƙe ni in taɓa a wannan fili: mene ne Allah ya ajiye ni duniya in yi, kuma yaya zan gane shi? Ni mai bin Yesu Almasihu ce, saboda haka da abin da muka koya a majami'a zan amsa. Ƴan uwana musulmi, da ku muke zubi a kan tabarma ɗaya, kada ku juya shafi. Na san ku ma kuna wannan tambaya, sai ku ɗauki abin da zai amfane ku.

Da yawa cikinmu in an ce "kira", sai hankalinsu ya tafi ga fasto ko mai bishara, ko dai matar fasto. Mai soya ƙuli-ƙuli kuwa tana ganin ita ba ta cikin lissafi. To, ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 9. Akwai wata mata a garin Yafa, sunanta Tabita, ana kuma ce mata Dokas. Ba a faɗa mana ta taɓa yin wa'azi ba. Ɗinki take yi, tana tufatar da matan da mazansu suka mutu. Ranar da ta rasu, waɗannan mata suka tsaya suna kuka, suna nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka musu, har ya yi addu'a Allah ya tashe ta. A sura 16 kuma ga Lidiya, ƴar kasuwa mai sayar da tufafi masu tsada, wadda ta buɗe gidanta a Filibi ya zama masaukin Bulus da wurin haɗuwar masu bi. Allura da zare, da rumfar kasuwa: da su waɗannan mata biyu suka bauta wa Allah, sunansu kuma yana rubuce har yau.

Labarin da ya fi kama da zamanmu yana cikin 2 Sarakuna sura 4. Mijin wata mata ya mutu ya bar ta da bashi, mai bin bashi yana shirin kwashe ƴaƴanta biyu su zama bayi. Ta kai kuka wurin annabi Elisha. Abin da ya fara yi shi ne ya tambaye ta abin da ya rage mata a gida. Ita a ganinta ba ta da komai, in ban da ɗan mai a tulu. Ya sa ta ari tuluna daga maƙwabta, ta rufe ƙofa da ƴaƴanta, ta yi ta tsiyayawa har duka suka cika. Daga nan ya ce ta sayar, ta biya bashi, su ci sauran. Ku lura da kyau, ƴan uwa: albarkar ta Allah ce, amma ta biyo ta ɗan abin da matar ta raina, ta biyo ta tulunan maƙwabta, ta biyo ta kasuwa. Da ba ta zaman lafiya da maƙwabta, wa zai ara mata tulu?

Irin wannan ya faru a ƙasarmu, a zamaninmu. Wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi a 1981 ƙarƙashin mishan ta SIM, da tabbacin cewa Allah ne ya aiko shi ya taimaka a dawo da itatuwa. Ya yi ta dashe, rana da iska da awaki suna cinyewa, har ya kusa fid da rai. A 1983, yana kan hanyar ƙauye ɗauke da ƴan itacen dashe, ya tsaya ya rage iskar ƙafafun mota saboda rairayi, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda muke sassabewa kowace bazara. Da ya duba ganyen, ashe itace ne da aka sare, saiwarsa tana nan da rai a ƙasa. Daga nan ya soma aiki da manoma kaɗan: a bar rassa masu ƙarfi a kan kututture, a rage sauran, a kare su. Wannan shi ne sassabin zamani. A nan yankinmu na Magarya da Matamaye da Mirya, manoma da kansu suka riƙa barin gawo a gonaki, har masana daga ƙasashen waje suna zuwa kallo. An ƙiyasta cewa a Nijar an farfaɗo da hekta wajen miliyan 5, da itace kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin, tare da manomi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso. Ba kiran mutumin nan ne ya sāke ba. Idonsa ne ya buɗe ga abin da yake takawa kullum.

Saboda haka kafin ki ce Allah bai nuna miki hanya ba, zauna ki ƙirga abin da ya riga ya ba ki. Wace sana'a ce hannunki ya iya? Wane abu ne mata suke zuwa nema wurinki ba tare da kin yi talla ba: shawara, sulhu, lissafi, kitso, jinyar mara lafiya? Wace wahala ce ta wasu in kin gani take hana ki sukuni? Sau da yawa a nan kiran yake.

Sai dai zuciya tana da wayo, takan sa wa son ranta suna nufin Allah. Ga abubuwa huɗu da nake ba da shawara a auna kowace niyya da su.

Na ɗaya, Maganar Allah. Ba zai aike ki ga abin da ya riga ya hana ba. In sana'ar sai an tauye tiya, ko an gauraya man gyaɗa, ko an ci bashin akwati da niyyar ƙin biya, ba sai kin yi azumi kina tambaya ba, amsa tana rubuce. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa cikakke tun 1932, amma har yanzu da yawa cikinmu sai an karanta musu. Ajin yaƙi da jahilci ba na yara ba ne. Wadda ta iya karatu ba a yi mata ƙarya da aya, ba a kuma yi mata ƙarya da littafin zubi.

Na biyu, shawarar waɗanda suka san ki. Ki yi addu'a, i, amma ki faɗa wa maigida, ki faɗa wa wata dattijuwa mai tsoron Allah, ki faɗa wa fasto. In niyya ba ta son a ji ta, akwai abin da take ɓoyewa. A nan zan ja kunne: duk wanda ya ce an nuna masa makomarki cikin mafarki, amma sai kin kawo rabonki na asusu kafin ƙofa ta buɗe, ki riƙe bakin zanenki da kyau. Baiko da zakka a majami'arki kike ba da su, da yardar rai, a gaban idon dattawan ikilisiya. Elisha bai karɓi ko cokali ɗaya na man matar nan ba.

Na uku, wa zai ci riba, wa kuma zai ɗauki wahala? Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara, da yawa daga yankin Kance, nan kusa da mu. Talauci ne ya kore su, ba mai zaginsu, Allah ya ji ƙanmu duka. Amma har gobe ana zuwa ana yi wa mata daɗin baki su ɗauki yara su tafi bara. Ƴar uwa, in hanya za ta fid da ɗanki daga lakwal ta sa shi cikin ƙishirwa, ki tsaya ki sake tambaya ko muryar wa kike ji. Ƴaƴan nan amana ne, suna cikin aikin da aka ba ki.

Na huɗu, ki soma da kaɗan, ki ga ko za ki riƙe amana. A Matiyu sura 25 Yesu ya ba da misalin maigida da ya raba wa bayinsa uku dukiya, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Biyu suka juya nasu, na ukun ya tona rami ya binne saboda tsoro. Mai biyu da mai biyar yabo ɗaya suka samu, wanda ya binne ne kaɗai ya sha faɗa. Mu ƴan asusu mun fi kowa gane wannan. Tsarin Mata Masu Dubara ya soma ne a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, da ɗan zubin da matan ƙauye suke kawowa mako mako, yau ga shi ana koyi da shi a ƙasashe da dama na Afirka har da Asiya. In kina jin an kira ki ga kiwo, fara da akuya ɗaya. In ga koyarwa ne, fara da maƙwabciya ɗaya da allo. Wata shida ya isa ki ga ko abin yana tsiro.

Akwai waɗanda za su ce, Yaya, ni ba zaɓi gare ni ba: maigida yana cirani a Libiya ko Legas, ga yara, ga tsohuwa kwance. Na ji ku. Rut ma da kala ta soma a gonar Bo'aza, tana tsintar zangarniya bayan masu girbi don ta ciyar da surukarta Na'omi. Ba ta san za ta zama kakar mahaifin sarki Dawuda ba... a'a, bari in faɗa daidai yadda zuriyar take: ita ta haifi Obed, Obed ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda. Abin da ta sani shi ne akwai tsohuwa a gida da ke jiran tuwo. Riƙon gida cikin gaskiya a shekarun wuya ba jiran kira ba ne, kina cikinsa tsundum.

Ga aikin da zan bar muku. A zama mai zuwa, bayan an gama zubi an rufe akwati, kada a watse nan da nan. Kowace mace ta juya ga ta kusa da ita ta faɗa mata abu guda da ta ga Allah ya hore mata. Ba ke za ki faɗi naki ba, ƴar uwarki ce za ta faɗa, don mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Magatakarda ta rubuta a bayan littafi. Ranar rabo, kafin kowa ta ƙulle kuɗinta, a sake karanta mata abin da aka rubuta, ta tafi da shi gida ta yi addu'a a kai kafin ta taɓa ko dala.

A fito na gaba za mu yi zancen bashin da ya wuce wa'adi, da yadda za a karɓo shi ba a ɓata zumunci ba. Ku gaida mutanen gida. Allah ya ba mu idon ganin abin da ke hannunmu, amin.