RA'AYINMU: Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakunanmu, ita ce: "Wallahi ba ni da lokaci." In an tambayi ɗan'uwa me ya hana shi zuwa karatun bayan Magariba, ita ce amsarsa. In an tambaye shi yaushe rabonsa da sauraron haddar ɗansa, ko gaishe da mahaifiyarsa a ƙauye, ita ce dai amsar. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ba ƙarya yake yi ba. A duba makonsa: Litinin taron kwamitin ginin masallaci, Talata taron 'yan agaji, Laraba rakiyar baƙi, Alhamis shirin gidauniya, Juma'a da la'asar an cika mota an nufi wa'azi a wata jiha, ba za a dawo ba sai daren Lahadi. Tsakanin wannan da wancan kuma ga kasuwa ko ofis, ga wayar hannu da ba ta yin shiru. Shekara ta zagayo, takalmi ya suɗe, murya ta dushe, amma littafin da ya fara a watan Muharram yana nan a babin tsarki.

Ba mu kawo wannan don mu zargi kowa ba. Mu da ke riƙe da ragamar al'amura mu muka fi kowa laifi, domin mu muka koya wa jama'a auna himma da yawan zirga-zirga. Rahoton da reshe zai aiko yakan lissafa taro nawa aka yi da motoci nawa aka fitar, amma da wuya a ga inda ya ce mutum nawa suka gyara karatun Fatiha a wannan wata, ko mata nawa suka sauke Ahalari. Wanda ba a rasa shi a kowane taro muna kiransa jajirtacce, wanda kuma ya tsaya ga aiki ɗaya yana kyautata shi muna cewa ya yi sanyi. Wannan ma'auni karkatacce ne, kuma lokaci ya yi da za mu faɗa wa kanmu gaskiya.

Mai yiwuwa wani ya ce ai motsi ya fi laɓewa, kuma ɓarna ta yi yawa, ba lokacin zama ba ne. Mun yarda ɓarna ta yi yawa. Amma ba zaman banza muke kira zuwa gare shi ba, muna kira ne zuwa ga tsari da niyya. Allah Ya yi rantsuwa da zamani a cikin Suratul Asri, sannan abin da Ya keɓe daga hasara shi ne imani da aiki nagari da yi wa juna wasiyya da gaskiya da haƙuri. Nagartar aikin aka ambata, ba a ambaci yawansa ba. Haka nan ya tabbata a hadisi cewa za a tambayi bawa ranar alƙiyama game da rayuwarsa, a cikin me ya ƙarar da ita. Amsar "ban taɓa zama ba" ba za ta gamsar a wannan tsayuwa ba.

Mu dubi magabata. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah Ya yarda da shi, yana yi wa mutane wa'azi ne ranar Alhamis kawai. Wani mutum ya roƙe shi ya mayar da shi kullum, sai ya ƙi, ya bayyana cewa yana gudun ya gundure su, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ma yana zaɓar musu lokacin wa'azi saboda wannan dalili. Wannan fa sahabi ne da ya ɗauki Alƙur'ani daga bakin Annabi, ga masu sauraro suna neman ƙari, amma ya san cewa zuciya tana da ma'auni kamar yadda ciki yake da shi. Sayyidina Umar kuwa, lokacin da yake zaune a Awali, can gefen Madina, yarjejeniya ya yi da maƙwabcinsa mutumin Ansaru: yau wannan ya je majalisin Annabi, gobe wancan, kowa ya dawo ya sanar da ɗan'uwansa abin da ya ji. Idan an yi karɓa-karɓa wajen halartar majalisin da wahayi ke sauka a cikinsa, wane taro ne namu da dole sai kowa ya je?

Sai ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i, wadda ya kamata kowane mai da'awa ya riƙa tunawa. Salmanu ya ziyarci ɗan'uwansa, ya iske matar gidan ba ta kula da kanta, don mijin ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare. Salmanu ya sa shi ya ci abinci, ya hana shi tashi sai ƙarshen dare, ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowanne yana da hakki a kansa. Da maganar ta je ga Annabi, sai ya gaskata Salmanu. Abud Darda'i ibada ce ta shagaltar da shi, duk da haka aka gyara masa. To ina ga wanda taron kwamiti ne ya shagaltar da shi?

A nan ƙasarmu ma muna da abin koyi. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara wa'azi a wajejen 1774, yana ɗan shekara 20, bai kuwa yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu ba sai a 1804. Shekara 30 yana karantarwa, yana rubutu, yana gina mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma su ne suka ɗauki nauyin jama'a da aka shiga tsanani. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, lokacin da kowa zai zaci zai dulmuya cikin hidimar mulki, sai ya koma Sifawa ya ci gaba da karantarwa da wallafa, a 1812 kuma ya raba gudanar da ƙasa tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. Ya san aikin da babu mai yi masa shi, ya tsaya a kansa har ya rasu a Sakkwato a 1817. A littafinsa Nurul Albabi ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Shi kuwa gidansa ne ya fitar da Nana Asma'u, wadda ta kafa tsarin 'yan taru ta kai ilimi ga matan karkara. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, wannan suka ta Shehu ba ta hau kanmu ba a yau?

Kada a fahimci cewa magabata ba su cika lokacinsu da aiki ba. Imamu Nawawi ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira yana da shekara 45 kacal, amma ya bar mana Arba'una Hadisi da Riyadus Salihina da sharhin Sahihu Muslim. Yininsa a cike yake, sai dai shi ya zaɓi abin da ya cika shi da shi. Namu yinin kuwa duk wanda ya riga kiran wayarmu shi ke da shi. Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa, mu kuwa mun cusa biyar muna mamakin ciwon haƙori.

Illar ta riga ta bayyana. Mai wa'azin da ba ya samun zaman muɗala'a yakan maimaita abin da ya faɗa bara, in ya ƙare masa sai ya koma zagin mutane. Matashin da aka sa wa rigar agaji ba a zaunar da shi gaban malami ba, zafin kai zai cike masa gurbin ilimi. Gidan da maigida ba ya zama, waya ce za ta yi tarbiyyar yaransa. Su kansu dandalolin WhatsApp da muka buɗe don sauƙaƙa sanarwa sun koma zauren jayayya har ƙarfe ɗayan dare, sannan a makara sallar Asuba.

Saboda haka muna ba da waɗannan shawarwari. Na farko, kowane ɗan'uwa ya ɗaure ayyukansa a jikin salloli biyar, domin su ne jadawalin da Allah Ya tsara mana. Shafi 4 na Mus'hafin Madina bayan kowace salla shafi 20 ne a yini, wato izu biyu, sauka guda a wata. Na biyu, ya ware rabin sa'a kullum don littafi ɗaya a gaban malami ɗaya. Rabin sa'ar nan sa'a 182 ce a shekara. Na uku, ya keɓe wa iyalinsa dare biyu a mako, ya ajiye waya, kuma kada wani shugaba ya ga laifinsa. Na huɗu, rassa su daina ɗora wa mutum ɗaya muƙami fiye da ɗaya, kada a kira taro sai an rubuta abin da za a tattauna da lokacin tashi, zuwa wa'azin nesa kuma a mayar da shi karɓa-karɓa. Na biyar, rahoton wata ya fara da adadin waɗanda suka ƙaru da ilimi kafin a zo ga lissafin taruka.

Mun san wannan ba zai yi wa wasu daɗi ba, domin rai yana son a gan shi a ko'ina, kuma faɗin "ba zan samu zuwa ba" yana da nauyi a baki. Amma a nan ake gane ikhlasi: wanda yake yi don Allah ba zai damu ba in aikinsa na ɓoye ne, a zauren gidansa, tsakaninsa da yara uku da allo.

Muna roƙon Allah Ya sanya albarka a cikin kwanakinmu, Ya tsare mu daga wahalar da ba lada, Ya sa mu cika da imani.